Dariyar Shatu a Osaka

Hantsi ya ɗaga a gidan marigayi Malam Isufu da ke Birnin Konni, amma ƙwaryar fura na nan rufe da faifai, ba wanda ya taɓa ta. Shatu na durƙushe a bakin tabarma, kanta a sunkuye. Mijinta Mutari, malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, yana gefe yana murza hula a hannu. Mahaifiyarsa, Inna Hindu, ta ɗora jikarta Kyauta a cinya, ta ƙi kallon kowa a cikinsu.

"Ku sake faɗa mini, kunnena ya tsufa," in ji Inna. "Wata nawa?"

"Takwas, Inna," Mutari ya ce. "Ƙarin karatu ne na ungozomai. Cikin jihar Tawa duka ita ɗaya anka zaɓa."

"Ba da kai nike ba. Ke, 'yar nan. Shekara biyar kina gidan ga ko ɓatan wata ba ki yi ba. Ba malamin da ban taka wurinshi ba, har Tajaye na je. Allah Ya ba mu yarinyar ga, ko shekara uku ba ta cika ba, za ki aje ta ki tafi wata duniya da ko sunanta ban iya faɗi?"

Shatu ta ce, "Inna, mata na mutuwa a hannunmu gidan haihuwa. Abin da za a koya mana can—"

"Matan wasu ke nan. Ita wannan ɗiyar wa ce?"

Ana cikin haka sai ga Maikano, yayan Mutari, mai motocin haya biyu da ke jigila tsakanin Konni da Tawa. Ya shigo yana kaɗa makullai a yatsa, ya tambayi abin da ya faru. Da ya ji, sai ya zauna ba a ce masa zauna ba.

"Japan kunka ce? Japan da ake ƙera motoci? Haba Inna, ai wannan arziki ne ya yi mana sallama. An ce can in mota ta shekara uku, juji ake kai ta. Ki bar ta ta tafi, ko guda ta turo mana ai mun haye."

"Yaya, karatu za ni, ba fatauci ba," in ji Shatu.

"Ke dai bari, in kin je kya gani."

Maikano ya iya baki. Ya yi ta lallashi har Inna ta sauke numfashi ta ce, "Na bari. Amma ku sani ban so ba."

Da la'asar Mutari ya sami Shatu a ɗaki tana ninke zannuwa, hawaye na ɗiga a kansu. Auren so suka yi. A lakwal ɗinsa suka fara haɗuwa, ranar da ta zo yi wa yara rigakafi, kuma a gaban mahaifinta a Dogarawa ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa hana ta aikinta ba.

"Mushe, in ka ce in zauna, wallahi zama zan yi."

"Ni na ce ki tafi," ya ce. "Kyauta tana hannuna. Inna kuma ki bar ni da ita."

Haka Shatu ta sauka Osaka a farkon bazarar 1993, ita da ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafin lakwal.

Garin bai yi mata maraba yadda ta zata ba. Kullum da safe takan shiga jirgi daga masaukin ɗalibai zuwa asibiti, a matse ta tsakanin mutane kamar goro a huhu, kuma duk yawansu ba mai cewa uffan. Ran farko ta gai da matar da ke kusa da ita da 'yar gaisuwar da aka koya musu. Matar ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ta matsa gefe, ta ci gaba da karatun jaridarta. Sunayen tashoshi kuwa rubutu ne kamar kaza ta taka tawada. Sau biyu jirgi yana wucewa da ita har ƙarshen layi, ta isa aji a makare, gumi ya jiƙe mata kallabi.

Abinci ma wata fitina ce. Tsoron alade ya sa ta koma shinkafa da dafaffen ƙwai, safe da rana. Wata rana ƙishirwa ta kama ta a titi, ta saka kuɗi a irin injin nan da ke tsaye a kowace kwana, ta danna abin da ta ɗauka lemo ne, sai ga gwangwanin miyar masara mai zafi ya faɗo. Ta riƙe shi tana kallo, ta rasa ko ta yi dariya ko ta yi kuka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ranar da wata ɗaliba 'yar Indonesiya ta same ta tana salla, ta jira ta sallame, sannan ta nuna mata cewa a nan alƙibla wajen yamma take. Kwana da kwanaki tana fuskantar gabas kamar a Konni, ashe Makka na bayanta.

Shugabar ungozomai, Madam Nakatani, 'yar ƙaramar mace ce mai furfura da ba ta san wasa ba a wurin aiki. Shatu ta karɓi haihuwar da ita kanta ba ta san adadinta ba, amma Madam ta sa ta sake wanke hannu a gaban kowa, ta sake, ta kuma sake. Darasi da Turancin Ingilishi ake yi, ita kuwa Faransanci ta karanta, Ingilishinta na kasuwar bakin iyaka ne. Takan koma ɗakinta, wanda bai fi rumbu girma ba, ta kifa kai a filo.

Ranar Lahadi kaɗai take jira. Da yamma agogon Osaka, hantsi ke nan a Konni, sai ta sayi kati ta kira shagon Alhaji Takama, mai tarho a bakin kasuwa, inda Mutari ke zaune yana jira. Layin na da jinkiri. In ta yi magana sai ta ji shiru, ta zaci bai ji ba, ta sake faɗa, daidai lokacin da amsarsa ke isowa, maganganu su yi karo. Ga shago cike da masu saye, kowa ya baza kunne, ba halin ya ce ya yi kewarta.

"Yarinyar fa?" takan tambaya, don kunyar ɗan fari ba ta barinta ta kama sunan.

"Lafiya lau. Ke fa, kina cin abinci?"

"Mushe, na gaji da garin nan. Ba wanda ke gai da wani, ba wanda ke—"

Sai ta ji an karɓe tarhon. "Amarya, Yayanki ne. Ina labarin mota? Ki duba mini mai cin mutum sha tara, fara in da hali."

Ta yi masa bayani sau ɗaya, sau biyu. A karo na uku haƙurinta ya ƙare. "Yaya, ni ɗaliba ce. Abin da ake ba mu na abinci ne da jirgi. Ba ni da mota, ban san inda ake ba da mota ba, don Allah ka ba shi tarhon kafin katina ya ƙare."

Katin ya ƙare kafin a miƙa. Maikano ya aje tarhon a hankali, ya dubi mutanen shago ya ce, "Kun ji ko? An fara shan ruwan wata ƙasa."

A ƙarshen mako makaranta kan kwashe ɗalibai a mota a kai su buɗe ido. An kai su wata tsohuwar fada mai hawa-hawa, kewaye da ganuwa ta ruwa da duwatsun da ɗaya ya kai girman ɗaki. An kai su gidan kifaye, inda Shatu ta tsaya a gaban gilashi tana kallon wani kifi da ya fi motar Maikano tsawo yana wucewa a hankali. An kai su wani titi mai fitilu ko da rana, da ƙatuwar ƙaguwa ta roba a saman wani gidan abinci tana motsa ƙafafu. A nan ta ga ana soya wani abu mulmulalle, ranta ya yi fari, ta ce yau ga ƙosai. Da ta gatsa sai ta ci karo da guntun ƙafar wata dabbar ruwa. Duk abin da ta gani, abu ɗaya ke zuwa mata: da yarinyar na nan. A duk hotunan da aka ɗauka fuskarta a murtuke take.

Madam Nakatani ta lura. Wannan mata mai tsanani tana da lagonta guda: ƙungiyar ƙwallon sanda ta yankin, wasan da ake jefa wa mutum 'yar ƙwallo ya maka mata sanda ya ruga. A kan teburinta akwai ɗan damisa na auduga mai zanen rawaya da baƙi, alamar ƙungiyar. Ma'aikata kan gane sakamakon wasan jiya daga yadda ta aje jakarta da safe, kuma yawanci da ƙarfi take aje ta, don ƙungiyar ta fi sabawa da shan kashi. Wata Asabar a tsakiyar damina ta tsaya a gaban Shatu ta ce, "Gobe da rana za ki bi ni. Ba aiki ba ne."

Tun daga tasha Shatu ta ga abin mamaki. Mutanen nan da ba su magana a jirgi, yau ga su cikin riguna masu zane, tsofaffi da yara, har da jarirai a goye da 'yan huluna. A filin kuwa ta ga taron da ko ranar kokawar takobi, babbar gasar ƙasarsu, ba ta taɓa gani ba. Ganguna da kakaki na tashi, kowa na riƙe da sanduna biyu na roba yana bugawa a tare, kuma kowane ɗan wasa da waƙarsa, dubban mutane sun haddace ta kamar karatu. Madam ta ɗaura ƙyalle a goshi, ta kafa wa Shatu hular ƙungiya a kan kallabi, ta haɗa ta da ɗanta Satoru, saurayi ɗan jami'a da ya shafe kumatu da fenti.

Shatu ba ta gane komai a wasan ba, sai dai ta gane ana cin su. Duk da haka waƙa ba ta tsaya ba. Can wajen ƙarshe kowa ya fito da dogon balan-balan yana hurawa, don akwai lokacin da ake sakinsu gaba ɗaya. Satoru ya miƙa mata nata. Ta hura, ta hura, kafin a ba da alama sai ya suɓuce mata. Ya tashi yana fito shi kaɗai a gaban jama'a, ya yi kwana, ya dawo ya sauka a kan sanƙon wani dattijo mai kwat da ke gabansu. Dattijon ya juyo, ya cire shi daga kansa da hannu biyu, ya rusuna ya miƙa mata yana ba ta haƙuri.

Dariyar da Shatu ta tara tun zuwanta ta ɓalle. Ta yi ta yi har da hawaye. Madam ta ɗaga kyamara ta ɗauka, Satoru a gefenta ya ɗaga hannu yana ihun waƙa.

Da aka wanke hotuna, Shatu ta haɗa duka ta aika gida, da nufin mijinta ya ga ba kullum take kuka ba.

Ambulan ɗin a hannun Maikano ya faɗa, don shi ke ɗauko wasiƙun gida. Ya zare wancan hoton ya sa a aljihu. Kafin ya kai wa Inna, 'yan tasha sun gani, mai shayi ya gani, har wani jandarma ya karɓa ya duba. A hoton hannun Satoru ya fito daidai bayan kafaɗarta.

"Ga karatun da ake yi," Maikano ya ce, ya aje shi a gaban Inna. "Hular maza a kai, ƙato a gefe. Mu muna nan muna renon ɗiya."

Inna ta ɗaga hoton kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ba saurayin ta tsaya a kai ba. "Dariya take," ta ce. "Yarinyar ga ta yi sati tana zazzaɓi tana kiran uwa tata, ita tana can tana dariya." Ta sa aka kira Mutari. "Ko ka ce ta dawo cikin watan ga, ko ka aika mata da takardarta. In ka ƙi duka biyun, to ka nemi wata uwa."

Mutari bai yarda da zancen namiji ba ko na ƙiftawar ido. Amma dariyar ta soke shi. Shi ke wanke wa Kyauta jiki, shi da Inna suka yi jinyarta, ya ɓoye wa Shatu don kada hankalinta ya tashi, shi yara ke bi da ido a lakwal suna ƙus-ƙus. Kuma kowace Lahadi cewa take ta gaji da garin.

Ran Lahadi shagon Alhaji Takama ya cika fiye da kullum.

"Mushe, hotunan sun iso?"

"Sun iso. Ashe daɗi kike ji."

Shiru na layi ya ratsa. "Ban gane ba."

"Duk Konni an ga haƙoranki. Ni kin bar ni da—"

"Rana ɗaya ce fa, Madam ce ta—"

"Kada ki katse ni."

"Ban katse ka ba, layin ne ke—"

"Ki haɗa kayanki ki dawo. Na faɗa miki."

Ya kife tarhon. Shatu ta tsaya cikin rumfar gilashi, ruwan sama na zuba a waje, mutane na wucewa da lemominsu ba wanda ya waiwayo. Wata biyu da 'yan kwanaki suka rage ta gama.

Washegari ta shaida wa Madam Nakatani cewa za ta tafi. Madam ta saurara har ƙarshe, ta nemi a fassara mata inda ba ta gane ba. Da ta ji hoton da ta ɗauka ne sanadi, sai ta miƙe ta rusuna ƙasa sosai, har Shatu ta ji kunya ta kama hannunta.

"Ba zan ce ki saɓa wa mijinki ba," in ji Madam. "Amma canza tikiti yakan ɗauki mako. Ki yi aiki a makon. Hannunki na da kyau, shi ya sa nake matsa miki."

Wannan ce kalmar yabo ta farko da ta ji daga bakinta, kuma ta zo a lokacin da ba ta da amfani. Shatu ta ɗaure akwati, ta yi makon tana aiki ido a kumbure.

A Konni kuwa Mutari bai sami sukuni ba. Sauran hotunan na hannunsa, ya yi ta jujjuya su: ga ta gaban fada, ga ta gaban kifi, ga ta ƙarƙashin ƙaguwa, ko'ina fuska a ɗaure, wuya ya fito don rama. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa.

"Inna, ban taɓa yi miki musu ba tun da nike. Amma a gabanki na ba ta izini, a gaban ubanta na yi alkawari. Ba ta yi laifin da zan sake ta ba, kuma in na katse mata karatu saboda maganar 'yan tasha, na zalunce ta. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, ni ɗanki ne. Wannan dai ba ni iyawa."

Inna ta juya masa baya. Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba, kuma ta ɗauke Kyauta ta mayar ɗakinta.

Ran Lahadi Shatu ce ta fara magana. "Mushe, na ɗaure kaya. Ranar da ka ce—"

"Ki kwance su." Mutari ya juya ya kalli mutanen shago ido cikin ido, sannan ya ƙara ɗaga murya. "Fushi na yi, kuma ban kyauta ba. Ki zauna ki gama abin da ya kai ki. Ni mijinki ne, ni na ce."

Wannan karon shirun da ya biyo baya ba na layi ba ne.

Ta gama, ta karɓi takardar shaidarta. Madam da Satoru suka raka ta har filin jirgi. Ta sauka Konni bayan an gama girbi, da akwati ɗaya, da littattafai, da lema, da ɗan damisan auduga da Madam ta ba ta ta kai wa yarinya. Maikano ya leƙa kayan ya yi tsaki. "Wata takwas a Japan, ko tayar keke babu."

Wannan bai dame ta ba. Abin da ya karya ta shi ne da ta durƙusa ta miƙa hannu, Kyauta ta kalle ta kamar baƙuwa, ta ruga ta ɓuya a bayan zanen Inna. Inna kuwa ko kallo Shatu ba ta ishe ta ba.

"Mu kama haya a wata unguwa," in ji Mutari bayan kwanaki, da ya ga abin ya ƙi ƙarewa.

"A'a. In mun fita, an ce na raba ɗa da uwa, kuma da gaskiyarsu. Ta ji ciwo ne, Mushe. Ita ta yi jinyar da ban yi ba."

Kowace safiya kafin ta tafi aiki takan durƙusa a ƙofar Inna. "Inna, ina kwana?" Shiru. Takan share ɗakin, ta cika randa, ta dama fura ta aje. Furar takan wuni a inda ta aje ta. Wata rana takan fita daga gidan tana cizon leɓe don takaici, ta isa wurin aiki ta wanke fuska, ta sa sababbin ma'aikata su sake wanke hannu, su kuma sake. Sanyi ya shigo ya fita a haka. Kyauta ce ta fara saukowa: ta karɓi damisan, daga baya ta yarda a yi mata kitso, amma da an gama sai ta koma ɗakin kaka.

Wata ranar Alhamis Shatu ta dawo da azahar a gajiye, ta tsaya tun asuba kan wata haihuwa mai gardama. Ta sami Inna a inuwar darbejiya tana tsintar wake. Ta gaishe ta kamar kullum, ta juya za ta wuce.

"Matar ta sauka?"

Shatu ta tsaya cak. "Ta sauka, Inna. Namiji. Duk suna lafiya."

"Zauna." Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har Shatu ta zaci shi ke nan. Sannan ta ce, "Wata tambaya ke cina tun bara. Mi ya ba ki dariya?"

Shatu ta faɗa mata tun daga farko, ba ƙari ba ragi: jirgin da ba a gaisuwa, shinkafa da ƙwai, sallar da ta yi ta yi Makka na bayanta, da mutanen da ake cin su amma ba su daina waƙa. Da ta zo kan dattijon da ya rusuna yana ba ta haƙuri, hannun Inna ya tsaya a cikin wake.

"Ke kika jefe shi, shi ya ba ki haƙuri?"

"Da hannu biyu ya miƙo mini, Inna."

Inna ta matse baki. Ta yi ƙoƙari, amma kafaɗunta suka tona ta. Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Shatu ta tashi da sauri ta kawo ruwa. Da ta sha, ta goge ido ta ce, "Rana ɗaya cikin wata takwas?"

"Ɗaya, Inna."

"Ni kuwa na zaci kullum haka kike."

Ta aika aka kira Maikano daga tasha. Ya zo yana kaɗa makullansa, ya ga su zaune a tabarma ɗaya, makullan suka daina motsi.

"Kai ka cika mini kunne in bar ta ta tafi, don mota," in ji Inna. "Da mota ba ta zo ba, ka ɗauki mutuncin matar ƙanenka ka kai tasha. Bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ka koma inda duk ka nuna hoton ga, ka ce ƙarya ka yi."

"Haba Inna, ni da girmana—"

"Da girmanka ka fara."

Maikano ya yi, ko da yake rabin muryarsa a ciki ta tsaya. Da magariba Mutari ya dawo ya durƙusa ya gai da mahaifiyarsa kamar yadda yake yi kullum ba tare da sa ran amsa ba, sai ya ji an ce, "Lafiya lau. Ya yaran lakwal?" Inna ta naɗe 'yar tabarmar Kyauta da hannunta, ta miƙa wa Shatu ta ce, "Ɗauki ɗiyarki. Shure-shure take da dare, ni na tsufa."

Bayan shekara biyu aka ba Shatu shugabancin gidan haihuwa, kuma a shekarar ta haifi namiji. Inna ce ta yi mata wankan jego, ba ta bar kowa ya taɓa tukunyar ba.

Wanda ke nesa ba ya iya kare kansa, don haka kada a yanke masa hukunci da ɗan abin da ido ya hango. Kwaɗayi kan yi lallashi yau ya yi ɓatanci gobe. Miji da mata kuwa, in suka riƙe amanar juna ba tare da sun ɗaga wa iyaye murya ba, ko an daɗe ana juya musu baya, wata rana za a amsa gaisuwarsu.